Akwatin Bitrus da Ashanar da Na Ƙyasta

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne ƙanena Bitrus a Manga. Shi malamin kimiyya ne a sakandare. Ni a aji huɗu na tsaya, na shiga soja, na dawo gida aka naɗa ni dattijon ikilisiya.

Bitrus yana da akwatin ƙarfe cike da takardu, duk ɗige-ɗige da da'ira da lissafi. Ya taɓa zaunar da ni a gindin rumbu yana yi mini bayani. Ya ce taurari garke-garke suke, garkunan kuma suna taruwa kamar gidajen ƙauye, babba a tsakiya, ƙanana kewaye da shi. Tsakaninsu akwai iska mai tsananin zafi wadda ta fi taurarin duka nauyi, sannan akwai wani abu da ido ba ya gani, shi ke riƙe da su kada su watse. Na ce masa, "Kai Bitrus, tashi mu je gona."

Ranar rabon kayansa aka buɗe akwatin. Wani dattijo ya ɗaga takarda ɗaya ya ce wannan zanen boka ne, shi ya ci yaron. Na san ƙarya ne. Amma na ji tsoron a ce an ga tsafi a gidan dattijo. Da hannuna na kwashe takardun zuwa bayan gidanmu na ƙyasta musu ashana, jama'a suna waƙar yabo.

Yau wannan dattijon, in an yi taron makaranta, shi ke miƙewa ya ce "ɗanmu Bitrus, masanin sama," wayar salula a hannunsa. Ni kuma in tafa. Da Bitrus zai leƙo, ban san wanda zai fara tofa wa yawu ba a cikinmu.

Bara 'yarsa Rifkatu, wadda ta gama jami'a, ta kawo mini hoton garkunan taurari da ta ciro a intanet. Irin zanen nan ne sak. Ta ce, "Baba, Mama ta ce akwai akwatin babana. Ina takardun?" Na ce ya bar su a makarantar da ya koyar a Wasagu. Sau biyu ta hau kabu-kabu ta je can tana bin tsofaffin malamai, kuma tana shirin komawa.

Bitrus bai bar gida ba, bai bar shanu ba. Ya bar 'ya mai tambaya irin tasa, ni kuma na tura ta neman toka a garin da ba a ƙona komai ba.

Rifkatu tana karanta wannan jarida. 'Yata, kada ki sake zuwa Wasagu. Ni ne na ƙona su. Ki zo gida ranar Lahadi, in an tashi daga sujada zan maimaita a gaban mahaifiyarki da dattawan nan duka.