Ƙirgen da Ya Kai Ni Paris

Akwai wata Lahadi ta ƙarshen Fabrairu da har yau ba ta fita daga raina ba. Tunda ku ne za ku riƙa tsayawa a ƙofa bana, gara ku ji labarinta daga bakina kafin 'yan ƙetaren gada, kulob ɗin da muke hamayya da shi, su ba ku shi a karkace.

Lokacin shekarata ta biyu ke nan ina aiki da wannan kulob namu na wasan rugbi na Saint-Fons. Na gama karatu a Lyon, aka ɗauke ni mai kula da fili da kaya. Ni ke jan layi, ni ke kai riguna wanki, ni ke buɗe ƙofa, ni ke cika takardar wasa. Takardar zamana a ƙasar nan a jikin wannan aikin take rataye. In aka kore ni, ba abin da ya rage sai ni da matata Rabi mu ɗaure kaya mu nufi Maradi.

Don wanda bai sani ba, rugbinmu na 'yan goma sha uku ne, ba na goma sha biyar da ake ta nunawa a talabijin ba. Kuma muna rukunin ƙasa, inda ɗan wasa ke tashi daga masana'anta ya zo ya sa takalmi. Shiga kallo kyauta ne, babu tikiti. Abin da ake sanin yawan jama'a da shi wata 'yar na'ura ce ta ƙarfe da ake riƙewa a tafin hannu, duk wanda ya shigo ka latsa sau ɗaya. In an tashi ka rubuta abin da ta nuna a takardar wasa, ka sa hannu, wakilin hukumar wasan ya sa nasa, a aika Paris.

A waccan kakar mu da 'yan ƙetaren gada ne a kan gaba, kowa na hangen hawa rukunin sama. Sai dai ba a hawa da fili irin namu mai benci uku da rumfar kwano. Babban fili ɗaya ne a yankin, masu iko da shi kuma suka ce za su ba kulob ɗin da ya fi tara jama'a. Daga ranar ƙirgen ƙofa ya fi cin wasa daraja. Gabar da ke tsakaninmu da mutanen nan kuwa ta girme ni, na tambayi tsofaffi uku mafarinta, kowa ya ba ni labari daban.

Ana saura sati biyu su zo mana, shugaban kulob, wanda muke kira Prezida Rolan, ya tare ni a ɗakin kaya.

“Habu, kullum kana ce mini 'yan ƙasarku sun cika Lyon. Ina suke? Ko ba su da ƙafafu ne?”

Na ji haushin maganar. Na shiga ƙungiyar ɗalibanmu, na tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a, na buga wa kawuna Sani waya a unguwar Belleville ta Paris. Kawu ya ce, “Mine ne rugbi kuma? Bon, in dai don mutuncinka ne, za mu taho.” Ya cika babbar mota da mutanen Belleville da na Clichy-sous-Bois, har da waɗanda ban taɓa gani ba. In an haɗa da na Lyon sun kai tasa'in, kuma ba na jin akwai biyar a cikinsu da suka san dokar wasan. Wata Hajiya ta tambaye ni dalilin da ya sa ƙartin maza ke kokawa a kan ƙwallon da ko zagaye bai cika ba.

A ɓangaren 'yan ƙetaren gada akwai mutum ɗaya da nake shiri da shi, Bulus Dauda, mutumin Jos, Kirista, yana karatun digirin ƙarshe. Shi ke ɗaukar musu hoton bidiyo na wasanni, suna ba shi ɗan abin da yake rage hayar ɗaki da shi. Hausa ce ta haɗa mu a bakin layi, daga nan ya zama ɗan gida, Rabi ba ta tuƙa tuwo ranar hutu ba ta ajiye masa nasa ba. Prezida bai taɓa son wannan abota ba. Ranar ma na ga yana hararar mu da muka gaisa.

An fara wasa ƙarfe uku. Da aka tafi hutun rabin lokaci La'asar ta yi. Kun san a nan ba a shimfiɗa darduma a bakin titi, don haka tun kafin ranar na roƙi Alhaji Mamman, mai garejin da ke bayan fili, ya buɗe mana. Mutanenmu suka tashi ɗungum suka fita. Ni ma ba zan bar dattawa su yi jam'i ina tsaye ba. Na miƙa na'urar ga Baba Jerar, wani tsohon ɗan wasanmu da ke taya ni tsaron ƙofa don sha'awa, na ce masa, “Riƙe mini wannan, ina zuwa.” Iyakar abin da na faɗa masa ke nan. Na tsaya taya Alhaji naɗe tabarmi da rufe gareji, ni ne na ƙarshen dawowa. Na karɓi abina na ci gaba da latsa wa waɗanda suka makara.

Muka ci wasan da ƙyar. Na duba na'ura, ta nuna ɗari huɗu da 'yan kai, abin da filin nan bai taɓa gani ba. Ban tsaya tunanin komai ba, daɗi ya cika ni. Na rubuta, na sa hannu. Prezida ya sumbace ni kunci biyu a gaban 'yan wasa.

Kwana tara bayan nan wasiƙa ta zo daga Paris. 'Yan ƙetaren gada sun kai ƙara cewa mun ƙara wa ƙirgen ƙofa gishiri. Sun haɗa da hotunan 'yan kallo da aka ciro daga bidiyo, an ƙirga kawuna ɗaya bayan ɗaya, an samu ɗari uku da 'yan kai. Ana neman wanda ya sa hannu ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa. Hukuncin yin ƙarya a takardar wasa kuwa shi ne a hana mutum taɓa takardar har abada, kuma wanda ba ya taɓa takarda ba shi da amfani a aikina.

Ina ganin hotunan na san kyamarar wa ta ɗauke su. Zuciya ta ɗebe ni. Mutumin da ke cin abinci a gidana, ashe ƙirga baƙina yake yi. Na tuna duk tambayoyin da ya taɓa yi mini, mutum nawa muke samu, wa ke tsayawa ƙofa in ba na nan, duk na mayar da su leƙen asiri. Bulus ya kira ni a waya ranar, ban ɗauka ba. Ya sake kira washegari, da jibi. Ranar Asabar ya zo har gida, na ce wa Rabi ta ce ba na nan.

“Malam, ko ka saurare shi?” in ji ta. “Fuskarshi ba ta mai cin amana ba ce.”

Na ce mata ita ba ta san mutanen ƙetaren gada ba.

A kulob ma ba a bar ni na huta ba. Prezida ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

“Faɗa mini gaskiya. Kai ka ƙara don ka burge ni, ko su suka sa ka ƙara don su kama mu? Abokinka ɗin nan, me ya ba ka?”

Na rantse masa abin da na'ura ta nuna na rubuta. Ya ce to na'urar ce ke nan ta yi ƙarya. Ya karɓe makullan ɗakin kaya daga hannuna har sai an gama shari'a. 'Yan wasa suka rage yi mini wasa. Ni kuma da na rasa inda zan sa kaina sai na fara zargin Baba Jerar, don na tuna 'yarsa tana aure a ƙetaren gada. Na ce wa raina ya latsa ta ne da gangan lokacin da na ba shi. Maimakon in tambaye shi, sai na daina gaishe shi. Shi ma da ya ga haka ya ɗauka lalle ina da abin ɓoyewa, ya ja jikinsa. Sati biyu muna wucewa ta gaban juna kamar kishiyoyin masu rumfa a kasuwa.

Ranar zaman kwamiti na hau jirgin ƙasa na safe, na sauka gidan Kawu Sani a Belleville na sake riga. Ya raka ni har bakin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, yana cewa in faɗi gaskiya kawai. Na ce masa gaskiyar ce ban san ta ba.

Mutum uku ne a kwamitin, wata mace ce shugaba. Tsarin shi ne a karanta ƙara, mai ƙara ya kawo hujja, sannan wanda ake tuhuma ya yi bayani. A gefe ɗaya ga ni da Prezida, a ɗayan ga shugaban 'yan ƙetaren gada, Bulus na kusa da shi da kwamfuta. Ban ko dubi inda yake ba. Aka nuna hotunan, aka tambaye ni ina ragowar mutum tasa'in. Na ce ban sani ba. Na ga shugabar ta rubuta wani abu, na ji a jikina cewa aikina ya ƙare.

Sai Bulus ya ɗaga hannu. Shugabansu ya taɓa shi da gwiwar hannu, bai kula ba.

“Madam, hotunan da aka ba ku na lokacin wasa ne kawai. Kyamarata ba ta tsaya a hutun rabin lokaci ba. Ina roƙon ku kalli minti goman nan.”

Ya juya kwamfutar. Ga mutanenmu nan suna fita a jere, ga ni ina miƙa wa Baba Jerar na'ura. Bayan wani ɗan lokaci ga su suna dawowa, wasu na warware hannun riga, wasu na sa hula. Baba Jerar na tsaye ƙiƙam a bakin ƙofa, yana yi wa kowa murmushi, babban yatsansa na aiki. Duk wanda ya wuce sai ya latsa, kamar yadda aka koya masa shekara da shekaru. Ba wanda ya taɓa gaya masa akwai 'yan kallon da ke fita gaba ɗaya su dawo gaba ɗaya.

“Sallar La'asar suka je,” in ji Bulus. “A cikinsu na girma, na san lokacinta. An ƙirga su sau biyu. Kuskure ne, ba ƙarya ba ce.”

Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai. Kwamitin ya fita ya dawo. Aka gyara ƙirgen, aka ba ni gargaɗi a rubuce saboda barin ƙofa ba tare da bayani ba, aka wanke ni daga zargin ƙarya. Da aka cire tasa'in ɗin nan sai 'yan ƙetaren gada suka ɗan fi mu a jimillar kakar. Su aka ba babban fili, su suka hau, mu muka zauna inda muke.

A tashar jirgi na hango Bulus shi kaɗai da jakar kyamara. Shugabansu ya tafi ya bar shi. Na je na tsaya gabansa.

“Ɗan'uwa, ka yafe mini.”

“Habu, ni aiki aka sa ni, na ba su bidiyo, su suka ciro abin da suke so. Da na ga wasiƙar na koma na kalla, a daren farko na gane abin da ya faru. Shi nake ta kiran ka in faɗa maka. Da ka ɗauka, da ka rubuta musu bayani da kanka, da ba sai na tashi a gaban oga na ƙaryata shi ba.”

Na tambaye shi me shugabansu ya ce.

“Ya ce in je in yi wa 'yan'uwana aiki. Na miƙa katin shiga fili tun a bakin ƙofa.”

Sun samu filin, sun samu hawan, amma ba su yafe masa ba. Na roƙi Prezida ya ɗauke shi ya riƙa yi mana bidiyo. Ya ce ba zai sa mutumin ƙetaren gada cikin ɗakin 'yan wasansa ba, wa ya sani ko duk shiri ne. Kafin bazara Bulus ya saki ɗakinsa ya koma zama da wani ɗan cocinsu a wajen gari.

Daga wannan abin ne muka fara buga wa duk mai fita hatimi a bayan hannu, shi ya sa za ku ga tawada a akwatin ƙofa. Kada ku miƙa wa kowa na'ura sai kun faɗa masa lambar da ke kai da abin da zai yi da ita. Wannan shi ne mai sauƙin koyo.

Ɗayan ya fi wuya. A ƙananan rukuni irin namu jama'a kaɗan ne, kowa ya san kowa, kuma da an ga abin da ba a gane ba sai a fara neman maci amana. Prezida ya zarge ni, ni na zargi tsoho da aboki, ba ɗayanmu da ya buɗe baki ya yi tambaya. In lamba ta ruɗe ku, ku je wurin mutumin ku tambaye shi ido da ido kafin ku yanke masa hukunci a zuci. Ni ban yi ba. Takardar zamana ta fito a wannan shekarar, ga ni nan har yau da makullai a aljihu, kuma wanda ya biya kuɗin taurin kaina mutumin da na hana shiga gidana ne.