Kujerar da Na Kawo wa Inna

Da can a Filinge, in gwiwa ta kama tsoho, ba wanda ke tunanin tashar mota. Saƙo ake bayarwa ran kasuwa, a gaya wa mai tausa ana nemanta a gidan wane. Yanzu kuwa ƙwayoyi ake saye a teburin bakin hanya, in abu ya ƙi a ɗora mutum a mota sai Yamai. Na zauna a Kumasi, na zauna a Abijan, na ga yadda kowace ƙasa ke lallashin gwiwar tsofaffinta. Wani wuri ganye mai zafi ake ɗaurawa, wani wuri man shafawa mai yaji a ɗan gwangwani. Amma irin aikin da wata tsohuwa ta yi wa mahaifiyata, ban sake ganinsa ba sai da ni ma na tsufa.

Ni ne ɗan farin Inna. A ƙasarmu ta Kurfai, wannan na nufin ba ta kiran sunana, ba ta kallon idona, in tana da magana da ni sai ta bi ta bakin wani. Shekarar da na dawo daga Abijan da ɗan abin hannuna, na tarar tana ɗingishi. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa turmi, gwiwar dama tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Duk da haka tana daka, tana zuwa rijiya, tana kai wa awakinta dusa a bayan gida.

Kunya ta kama ni. Na ga kamar gari duka na cewa ɗanta ya samu amma ga ta da taɓarya. Na sayo kujerar ƙarfe a Yamai, mai saƙar igiyar roba shuɗiya da fara, aka ɗauro ta a kan mota har ƙofar gida. Na tara matan gidan na kafa doka: ba daka, ba rijiya, ba kasuwa, ko buta a miƙa mata. Awakin ma na ba ƙanwata. Maƙwabta suka yi ta sa mini albarka. Inna ta zauna.

Na koma Abijan, damina biyu na yi kafin in sake zuwa. Na same ta inda na bar ta, ƙarƙashin rumfa, sai dai gwiwar ta sandare, ba ta miƙewa sosai, ba ta lanƙwashewa, cinyar kuma ta tsotse. Salla a kan kujerar take yi, tana sunkuyar da kai a maimakon sujada. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce ba ciwon ne ke cin Inna ba. Goshinta ne da ya rabu da ƙasa, kuma tana tsoron ta mutu ba ta sake sujada ba. Ta ce ta riga ta aika a kira mai tausa, ba ta jira iznina ba.

Ran kasuwa matar ta iso a amalanken jaki daga wajen Bonkuku. Gajeriya ce, hannuwanta busassu, Hausarta gauraye da Zabarmanci. Gwaggo kowa ke ce mata. Kujerar ta fara duba kafin ta dubi ƙafar, ta tambaya wa ya kawo ta. Aka nuna ni.

"Kai ne ɗan Abijan ɗin? Sannu da ƙoƙari. Ka ɗaure uwarka da igiya mai kyau."

Na amsa mata da Zabarmanci don ta san ni ma ba baƙo ba ne, na ce hutu na so Inna ta samu. Ta tambaye ni harshe nawa nake ji. Na ce biyar.

"Biyar," in ji ta, "kuma ba ko guda da ka tambaye ta da shi."

Ta sa aka sauko da Inna kan tabarma, mutum biyu na riƙe da ita. Aka soya rairayi a kasko, ta ƙulle shi a tsumma ta ɗora kan gwiwar har ta ɗumama. Sannan ta shafa man kaɗe ta fara aiki. Ba gwiwar ta fara taɓawa ba, daga cinya ta faro, tana murza naman da tafin hannu, ta gangara zuwa sharaɓa. Ta kama ƙoƙon gwiwar da yatsu tana tura shi hagu da dama, sama da ƙasa, a hankali kamar mai gyara murfin tulu. Ta riƙe dunduniya ta ja ƙafar kaɗan, ta saki, ta sake ja. Daga nan ta lanƙwasa ta har inda fuskar Inna ta canza, ta tsaya nan daidai, tana ba ta labarin wata amarya da ta zuba gishiri a fura. Da Inna ta yi dariya, sai ta ƙara lanƙwasawa kaɗan. Ban taɓa ganin ta tilasta ƙafar ba.

Ba ta yi mana alkawarin ƙarya ba. Ta ce abin da shekaru suka cinye a cikin gaɓar ba ya dawowa, hannunta sassautawa kawai yake yi, sauran aikin na mai ƙafar ne. Kullum safe Inna ta taka zuwa ƙofar gida ta dawo, ta zauna ta tashi sau da yawa tana dafe da turmi. Na fara cewa ko za a bari ta ƙara samun ƙarfi tukuna. A nan Inna ta yi magana, idonta a kan tabarma, da Gwaggo take amma don ni.

"Ki ce ma wancan ya maido mini awakina."

A ranar aka maido su. Nisan turken daga rumfa bai kai taku talatin ba, amma da farko sai ta huta sau biyu a hanya, ƙwaryar dusa a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Gwaggo na zuwa duk ran kasuwa. Na ɗage tafiyata, na sake ɗagewa.

Wata la'asar, bayan an gama yankan hatsi, na shigo gida na ga kujerar babu kowa. Inna na kan buzunta, ƙafar dama a miƙe gefe guda don ba ta naɗuwa duka, hannunta ɗaya a jikin turmi. Ta sauka a hankali har goshinta ya taɓa ƙasa, gaban buzun. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago akwai rairayi a goshinta, ba ta share ba har magariba. Na koma zaure ban bari ta gan ni ba. Shekara shida ta ƙara a duniya, da sandarta da awakinta, kuma a ƙasa ta yi sallarta har makon ƙarshe.

Bara tawa gwiwar ta kai ni Yamai, wurin masu gyaran gaɓoɓi da ake ce wa kine. Wata mata mai farar riga ta kwantar da ni a gado mai tsawo, ta kama ƙoƙon gwiwata tana tura shi hagu da dama, ta riƙe dunduniya ta ja. Da Faransanci ta gaya mini kada in yarda da zama, ta ba ni takarda mai zanen motsin da zan riƙa yi. Na ce mata na taɓa jin wannan darasin da Zabarmanci, a kan tabarma. 'Ya'yana kuma sun sayo mini kujera mai katifa. Na gode musu, na ce a kai ta zaure don baƙi. Ni ina iya yi musu gardama, abin da Inna ba ta iya yi mini ba.

Gwaggo ta rasu tuntuni, 'ya'yanta ba wadda ta koyi aikin. Yau a Filinge ban san wani hannu da za a aika a kira ran kasuwa ba.