Butar Sodangi

Duk wanda ya san Sodangi a bakin madatsar ruwan Zobe ya san ba a yi masa gardama a kan ruwa. Shekara ashirin yana noman rani, kallo ɗaya zai yi wa fili ya gaya maka inda ruwa zai kwanta. Da fataucin albasa ya kai shi Ghana, bai bar halin nan a gida ba.

Wata takwas yana kwana a rumfar kasuwa a Accra, sai matarsa Huseina ta aiko daga ƙauyensu Kutawa: ko ya kama gida ta zo da yara, ko ta koma gidan iyayenta a Kurfi. Ya san ba wasa take ba, hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Wani dillali haifaffen can, Yazid, ya kai shi wani gida mai sabon fenti, ga famfo, ga arha. Sodangi bai ko dubi fentin ba. Ya cika butarsa da ruwa, ya tsiyaye ta a tsakar gida, yadda yake gwada gangare kafin ya ja kwamin ban-ruwa a gona. Ruwan ya miƙe sai ƙofar ɗaki.

"Malam Yazid, wannan ai fadama ce aka yi wa rufi," in ji shi.

Yazid ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baƙauye dai baƙauye ne! Tunda ba ka so, ni zan shiga da iyalina."

Sodangi ya kama wasu ɗakuna biyu a kan tudu, bango duk ya koɗe, ruwa ma sai an ɗebo. Da Huseina ta iso ta ji labarin gidan da ya ƙi, kwana uku ba ta yi masa magana ba. Abin ya yi masa ciwo, amma bai nuna ko a fuska ba.

Damina ta faɗi. Wata safiya, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka yi sallama. Yazid ne, jiƙaƙƙiyar katifa a ka, matarsa da 'ya'ya a baya, taɓo har gwiwa. Ruwa ya cinye gidan mai sabon fenti. Huseina ta dube su, ta dubi mijinta, ta shiga ta share musu ɗaki guda.

"Malam Sodangi," in ji Yazid, kai a ƙasa, "gobe ka ara mini butar nan."

"Buta kam ga ta nan," in ji Sodangi. "Ido ne ba a aro. Sai dai mu je tare."