Likkafanin Kawu Mudi Ya Je Japan

Duk wanda ya taɓa ɗaukar Kawu Mudi a mota ya san tambayarsa. Ba za ku yi nisa ba zai dafa kafaɗarka: "Kai, nan cikin Madina ne ko mun fita?" Ko Al-Sih, nan cikin gari, za ku je cefane daga gidansa na Harra ta Yamma, sai ya tambaya. Baƙar jakar nan tasa kuwa tana kan cinya, ya rungume ta. Baƙi kan zaci takardun iƙama, na izinin zama, ne a ciki. Mu da muka san shi mun san likkafaninsa ne, wanda ya wanke da zamzam tun shekarar da likita ya ce zuciyarsa na da matsala.

Shi da bakinsa yake cewa ba mutuwa yake tsoro ba, tsoronsa kada ta riske shi a wajen Madina. Ya gama aikinsa na ba da magani a asibiti, abokansa suka tattara suka koma Kano, shi kam ya ce sai maƙabartar Baƙi'a. An taɓa gayyatarsa cin kifi a Yanbu, ya ce, "Kifin ya zo nan, ai shi ba makwanci yake nema ba."

To wannan mutumin ne autarsa Hafsa ta kira daga Japan, ta gama digirin digirgir, za a yi bikin yaye su. Hafsa haifaffiyar Madina ce, ka yi mata Hausa ta mayar maka da rabi Larabci.

"Ya Baba, lazim ka zo. Wallahi in ba ka zo ba, ba zan karɓi shahadar ba."

Takardar shaidar karatu take nufi. Kawu ya ce, "Ke ki karɓi shahadarki, ni kuma in yi tawa a can ko?"

Ta fashe da kuka, shi kuwa bai taɓa iya jure kukan Hafsa ba. Ya amsa. Ana saura kwanaki mu tashi, wani mai neman magana a majalisarsu ya ce masa, "Malam Mudi, ka san can ƙona gawa suke yi?" Ranar ko shayinsa bai ƙarasa ba. Ya aiko aka kira ni, ni Auwalu ɗan ƙanwarsa, da ma ni zan raka shi. Ya kama hannuna, nasa sanyi ƙalau.

"Ka yi mini alkawari. In ta zo mini a can, ko a kafaɗa ne ka dawo da ni."

Na ce, "Kawu, Hafsa ta ce akwai maƙabartar Musulmi a can."

"Baƙi'a ce?"

Na yi alkawarin. Kuma gaskiya tun daga ranar tsoron ya kama ni ni ma, don ban san ta inda ake fara fito da gawa daga Japan ba, ga zuciyar Kawu ba abin wasa ba ce.

Biki ya yi kyau, Kawu ya yi ta share hawaye da gefen hirami. Daga nan Hafsa ta ce sai ta kai mu wani funduƙ, wato masaukin baƙi, na gargajiya a duwatsun Hakone, mu huta. Wuri ne mai kyan gaske: ƙofofin takarda, tabarma mai ƙamshin ciyawa, ruwa na gudu a ƙarƙashin taga, ba ka jin motsin kowa. Kawu ya duba ko'ina ya ce, "Shirun ya yi yawa. Kamar gidan makoki."

An ajiye mana doguwar rigarsu ta shan iska, mai buɗaɗɗen gaba, wadda ake rufa ɓangare kan ɓangare a ɗaure da ɗamara. Kawu mutum ne mai damantawa a komai, don haka ya ɗora ɓangaren dama a sama, ya fito yana taƙama. Dattijuwar da ke kula da ɗakinmu tana hango shi ta dafe baki, ta taho da sassarfa tana sunkuyawa tana magana.

"Me take cewa?"

Hafsa ta kawar da kai. Kawu ya ce, "Ke nake tambaya."

"Wai... wai haka suke sa wa mayyit, Baba. Mai rai hagu yake ɗorawa a sama."

Innalillahi! Kawu ya zauna daɓas a kan tabarma. Mutumin da ya yi shekaru yana mana wa'azi a kan camfi, ya ce da ƙaramar murya, "Ni ban yarda da camfi ba. Amma Auwalu, miƙo jakar."

Hafsa ce ta cece mu. Ta ce, "Baba, duba mana, in hagu na sama ai dama ka fara sawa. Sunna ce." Ya yi nazari, ya warware, ya sake ɗaurawa, ya ce da ma shi haka ya yi niyya.

Da magariba aka kawo abinci, ƙananan kwanuka birjik kamar na wasan yara. Hafsa ta riga ta tabbatar babu alade babu giya. Kawu ya ɗago yankan ɗanyen kifi ya juya shi.

"Ikon Allah! Mutum su ƙona shi, kifi su bar shi ɗanye."

Ya ture kifin. Sai ya hango wani ɗan curin kore a gefen kwano, ya yi murmushi karon farko a ranar. "Ka ga, ashe suna da kuka." Kafin Hafsa ta buɗe baki ya kwashe shi duka ya kai baka. Yajinsu ne, irin wanda ba harshe yake kamawa ba, kai tsaye yake bi ta hanci ya hau ƙwaƙwalwa.

Idanunsa suka firfito, ya dafe ƙirji, numfashi ya ƙi fita. Ku da kuke dariya yanzu, ni a lokacin babu dariya a bakina. Na ce shi ke nan, zuciyar ce. Ina riƙe da shi ina tunanin alkawarin da na ɗauka, ga teku tsakaninmu da gida. Ya ɗaga ɗan yatsa yana shahada, hawaye na zuba, yana cewa, "Auwalu, Madina! Madina!" Hafsa na ɗura masa shayi tana, "Khalas ya Baba, yaji ne kawai, wallahi yaji ne!"

Can ya lafa. Ya ja numfashi mai tsawo, ya sake ja. "Kai," in ji shi, "murar da na taho da ita ta tafi." Amma duk da haka kafin ya kwanta sai da ya fito da likkafanin ya shimfiɗa a kan katifarsa, wai don kada in sha wahalar nema.

Washegari muka hau keken da ke tafiya a kan igiya zuwa wani kwari inda ƙasa ke fitar da hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kawu bai buɗe ido ba har muka sauka. Na ce, "Kawu, ai mu ma a Harra kan ƙonannen dutse muke zaune." Ya ce, "Namu ya tuba, wannan kuwa har yanzu yana kan bakansa."

A wurin suna sayar da ƙwai da aka dafa a ruwan dutsen, ɓawonsa baƙi ƙirin. Hafsa ta ce wai duk wanda ya ci ɗaya, an ƙara masa shekara bakwai.

"A'uzubillahi! Shirka tsagwaronta! Ajali a hannun Allah yake."

Muka yi gaba. Ya tsaya. "Amma ƙwai ai halal ne. Sayo mini biyu, yunwa nake ji."

Muna komawa funduƙ muka tarar an naɗe katifu, an kwashe zannuwa. Likkafani ya bi su wanki. Ban taɓa ganin Kawu a irin wannan hali ba. Bai yi faɗa ba, bai yi ihu ba, sai ya zauna ya zuba wa jakar ido. Ya ce, "An raba ni da guzurina." A nan ne ya ba ni tausayi har cikin raina.

Kafin la'asar dattijuwar ta dawo, ta durƙusa, ta ajiye wani ƙunshi a gabansa tana ba da haƙuri. An wanke, an goge, an ninke shi tsaf ba ko lanƙwasa ɗaya da ta kauce, an ɗaure a cikin wani ƙyalle shuɗi mai zanen tsuntsaye.

"Sun wanke zamzam ɗin," in ji Kawu.

"Ba ta ƙare a Madina ba, Kawu."

Ya daɗe yana shafa ƙunshin. Sannan ya girgiza kai. "Mutanen da suka iya ninke likkafani haka, don Allah me ya kai su ƙona mutane?"

Da muka dawo bai sake warware shi ba. Ya yayyafa masa zamzam ta sama, ya mayar jaka. Kuma kun ji shi da kunnenku a majalisa yana cewa Japan ba wani abin tsoro ba ce, Auwalu ne dai matsoraci.

Bara ciwon ya tashi da gaske. Likitoci suka ce a kai shi Riyadh a yi aiki, ya ce ya je Japan ya dawo, ba zai sake gwada sa'arsa ba. Ranar da numfashi ya yi masa wuya, ni na ɗauke shi zuwa asibiti, ina gudu, Hafsa na riƙe da shi a baya. Sai na ji hannunsa a kafaɗata.

"Nan cikin Madina ne ko mun fita?"

"Ciki muke, Kawu. Ga hasumiyoyin Harami can."

"To rage gudu. Ba sauri nake ba."

Ban taɓa jin muryarsa babu tsoro ba sai ranar. A asibitin ya cika. Da hannuna na kwance shuɗin ƙyallen nan, ninkin yana nan yadda dattijuwar ta yi shi. Bayan sallar la'asar muka kai shi Baƙi'a.

Allah, ga baƙonka ya iso inda ya yi ta roƙo. Ka yalwata masa makwanci, ka amintar da shi daga duk abin da yake tsoro, ka haɗa shi da maƙwabcin da ya ƙi rabuwa da shi, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.