Zayyad da ƙuri'ar kwaɗi

Ƙanena Zayyad, wanda na goya da bayana, yau shi ake tambaya ko za a yi ruwa a nan birnin Guwanzu na ƙasar Sin. Wallahi bakina ya ƙi rufuwa!

Ni tuwo nake sayarwa a benen Tiyanshu, shi kuwa ɗaurin kwali yake yi wa wani ɗan Sin mai jakunkunan fata a unguwar Shilin. A can ya haɗu da wani tsohon Bature ɗan Ayilan mai sarin jaka. Baturen ya ce wa ma'aikatan wurin a ƙauyensu kwaɗo suke dubawa, in ya yi ɗorawa rana ce, in ya yi baƙi a kwashe shanya. Kowa ya yi dariya. Zayyad ya sayo kwaɗo a kasuwa, ya aje shi a bokiti, ya raɗa masa Malam Ango.

Shekarar wasan Olamfik aka tsananta biza, sai maigida ya rubuta maka takarda, in ba haka ba ka koma gida. Maigidan Zayyad ya ce masa, "Jibi zan kai kaya tashar jirgin ruwa ta Nansha a buɗaɗɗiyar mota. Tambayi kwaɗonka. In ya canka, in rubuta."

Ranar da safe Malam Ango ya mutu.

Zayyad ya zo min ido ja. "Yaya Altine, na shiga uku."

Na ce, "Kai dalla, shi kaɗai ne kwaɗo a Sin?"

Muka ruga kasuwa, wajen matar da ke sayar da su na miya. Ya tsuguna yana ɗaga su ɗaya-ɗaya kamar malamin zaɓe. Baƙaƙe ashirin da uku, ɗorawa goma sha tara, guda ya ƙi nuna ra'ayi. Ga rana ƙwal, amma ya buga wa maigidan waya: "Maigida, masu rinjaye sun ce ruwa. A ɗaura tamfol."

Direba na ta tsaki yana ɗaurawa. Kafin azahar sama ta ɓalle! Jaka ko ɗaya ba ta jiƙe ba. Washegari aka rubuta takarda, aka ƙara masa shekara guda.

Sai dai matar ta ce duk wanda ya taɓa sai ya saya. Yanzu su arba'in da uku ne a banɗakinmu. Ni a maƙwabta nake wanka, kuma ko a jikina.