Hotona a Kalandar Masaƙa

Edita, ni 'yar Makera ce. A shekarun tamanin ina budurwa, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, a sashen da ake duba yadi kafin a naɗe shi. Babana tela ne, shagonsa yana bakin titi, kuma tun da aka haife ni ban taɓa sa rigar da ba shi ya ɗinka ba. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina da rawar kai, ina son a kalle ni a ce na yi.

Wata shekara aka sa ni cikin waɗanda za a ba lambar yabo a bikin ƙarshen shekara, domin ba a taɓa dawo da yadin da ya bi ta hannuna ba. Ni kaɗai ce mace a cikinsu. Baba ya yi murna har ya jawo tef ya gwada ni, ya ce zai yi mini ɗinkin da ba a taɓa gani ba. Washegari wani manaja ya kira ni ofis, ya ce kamfani ne zai yi mini kaya da sabuwar atamfarsa, manyan baƙi za su zo, kada in fito musu kamar 'yar ƙauye. Ya tura ni wurin wata mai ɗinki a cikin gari. Da na koma gwaji ta fito mini da rigar. Babu hannu, rabin ƙirji a waje, siket ɗin kuma an tsage shi har cinya. Na roƙe ta ta ƙara ƙyalle, ta yi dariya ta ce haka aka ba ta oda. Tsoron kada a cire sunana ya kama ni, madubi kuma ya ce mini na yi kyau. Na koma gida na shara wa Baba ƙarya cewa yunifom za mu sa.

Ranar bikin na fita da zani da mayafi, na canza kaya a banɗakin masaƙa. Mai gabatarwa ya riƙa lissafa aikin kowane namiji da shekarunsa. Da aka zo kaina sai ya ce jama'a su kalli atamfa, su kalli abin da ke cikinta. Wuri ya ɗau fito da shewa. Babban baƙo ya riƙe hannuna ya ƙi saki, mai hoto yana cewa in sauke lambar ƙasa kaɗan tana tare masa ƙirjina. Wallahi ko mutum ɗaya bai ambaci aikina ba.

Na ɗauka an wuce wurin, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sabuwar shekara na kamawa sai ga kalandar kamfani, hotona ne ya cika ta. Aka raba wa ma'aikata da dillalan atamfa. Na gan ni a shagon aski, na gan ni a teburin mai shayi, har Tudun Wada samari suna kirana madam kalanda. Duk wannan bai dame ni kamar abu ɗaya ba: masu atamfa suna ba teloli kalanda, dole ta kai hannun Baba. Abinci ya daina shiga mini. In na ji takunsa a ƙofa sai in shige ɗaki. Sati uku ina zagaye ta bayan layi don kada in bi ta shagonsa.

Ran nan Mama ta ce in kai masa abincin rana, babu yadda zan yi. Ina shiga na ga kalandar rataye a saman kekensa. Sai da na matsa na gane abin da ya yi. Ya yanko ƙyallaye, ya bi da allura da zare a kan takardar, ya yi mini riga mai hannu da wuya, ya rufe tsagar siket ɗin. Fuskata da lambar kawai ya bari. Bai ɗago ya dube ni ba, sai ya ce wa mutumin da yake gwadawa wannan 'yarsa ce, aiki ta iya aka ba ta lamba. Na ajiye kwanon na fashe da kuka. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

'Yan'uwana mata, in an kira ki karɓar yabo, ki tsaya ki duba wa ya zaɓa miki kayan, kuma me ake son a tafa wa. Ni ladan gumina na je karɓa, aka mai da ni tallar atamfa da yardata. Baba ya rasu ban taɓa iya buɗe baki na nemi gafararsa kan ƙaryar nan ba. Lambar ta ɓace wajen ƙaura, ban ma neme ta ba. Kalandar kuwa tana ƙasan akwatina, zaren nan nasa ko ɗaya bai warware ba.