Sandar Giya a Tashar Gashuwa

A bakin tashar Gashuwa wani dogon mutum yana tsaye kusa da 'yar jar motarsa mai kujera biyu, hannun rigarsa duk baƙin mai. Yana jujjuya sandar giyar da ta guntule masa a hanyar Nguru. Ƙirar maƙera ce, an shafe ta da fenti.

A teburin mai kayan gyara kuwa, sai ya hango ainihin sandar giyar motarsa ta kamfani, har da tabon zobensa, wadda makanikensa ya cire, ya rantse masa ta mutu.

"Wa ya kawo maka wannan?"

"Babayo makanike, ranka ya daɗe. Lafiyarta lau. Ka san shi?"

Mai motar ya daɗe yana shafa tabon.

"Sunansa na sa wa ɗana."